Shafin hasashen aurora na NOAA a idon mai nazari

Cibiyar hasashen yanayin sararin samaniya ta NOAA, hukumar kula da teku da yanayi ta Amurka, wadda cibiyar ke birnin Boulder, tana da shafin intanet na kyauta wanda ya kamata duk mai nazarin aurora, wato hasken nan kore ko ja da ke bayyana a samaniyar ƙuryar arewa da ta kudu, ya saba da shi. Abin da ya fi burge ni shi ne taswirar OVATION, inda ake ganin koren zobe kewaye da ƙuryar duniya, yana rikiɗewa zuwa rawaya sannan ja gwargwadon ƙaruwar yiwuwar ganin hasken. Bayanan suna zuwa ne daga kumbunan da ke auna iskar rana, wato ƙwayoyi masu cajin lantarki da rana ke fesowa waɗanda ke haddasa aurora, a nisan kimanin kilomita miliyan 1.5 daga duniya, shi ya sa hasashen bai wuce na minti 30 zuwa 90 ba.

Amfaninsa ya fito fili a Mayun 2024, domin cibiyar ta yi gargaɗi tun ranar 9, washegari kuma guguwar maganaɗisu ta kai matakin G5, mafi girma a ma'aunin irin wannan guguwa, karon farko tun Oktoban 2003, aka ga hasken har a Meziko.

Sai dai taswirar ba ruwanta da gajimare ko farin wata, kuma ma'aunin Kp, wanda ke nuna yadda maganaɗisun duniya ya hargitse, na sa'o'i uku-uku ne, alhali hasken yakan ɓarke ya lafa cikin 'yan mintuna. Don haka na fi dogara da jadawalin Bz da ke shafin, wato ma'aunin karkatar maganaɗisun iskar rana zuwa arewa ko kudu, wanda karkatarsa kudu ke nuna ƙarfin iskar rana ya samu ƙofar shiga cikin maganaɗisun duniya.