Kafin ka biya kuɗin kwas ɗin jagorantar aikin malalar mai

Mutumin Garwa ko Njamena zai ce ina ruwan biri da gada, mu da ko warin teku ba ma ji. Amma ɗanyen man Doba da ke kudancin Cadi tun 2003 yake bin bututu mai tsawon kilomita kusan 1,070 har Kiribi a gaɓar tekun Kamaru, inda ake ɗura shi cikin jiragen ruwa daga wata ma'ajiya mai shawagi a teku, kuma 'ya'yanmu da yawa can suke cin abinci, ko a tashar Duwala da Limbe. A Janairun 2007 mai ya taɓa tsiyaya a wannan ma'ajiya. Duk wanda ake shirin ɗora wa shugabanci a irin wannan wuri, wata rana za a ce ya kawo takardar horo.

Abu na farko, ka san matakinka. Hukumar jiragen ruwa ta duniya, IMO, ta raba kwas ɗinta uku bisa yarjejeniyar OPRC ta 1990 kan shirin tunkarar malalar mai. Mataki na 1 na masu shiga ruwa ne da kayan aiki. Na 2 na masu kula da su ne da wanda zai tsaya a wurin ya ba da umarni. Na 3 na manyan ofis ne, masu magana da gwamnati da 'yan jarida da kamfanin inshora. Mutanenmu na son tsalle zuwa na 3 saboda sunan ya fi daɗi a takarda. Ni ban ba da wannan shawara ba. Wanda bai taɓa ganin yadda mai ke sulalewa ta ƙarƙashin shingen roba ba idan kwale-kwale ya ja shi da gudun da ya wuce kilomita 2 a awa, zai zauna a ofis yana ta cewa a yi sauri, mai kuwa yana tafiyarsa.

Sai wurin karatu. Cedre, cibiyar bincike da horo kan gurɓatar ruwa da ke Brest a Faransa, an kafa ta ne bayan jirgin Amoco Cadiz ya zubar da mai sama da tan 200,000 a gaɓar ƙasar a 1978. Abin da ya ɗaga ta shi ne tana da tafki da bakin teku na gwaji, inda ake zuba mai na gaske. Za ka sa rigar kariya da takalmin roba, ka ja shinge, ka kunna injin yaɗe mai, ka ga da idonka yadda mai ke shan ruwa ya yi kauri har famfo ya soma tari. Ga shi ana koyarwa da Faransanci, wanda ga ɗan Cadi ko arewacin Kamaru rabin wahala ke nan ta tafi. Matsalarta aljihu: biza, tikiti, masauki, duk da kuɗin Turai.

OSRL, ƙungiyar yaƙi da malalar mai da ke da cibiya a Sawthamton ta Ingila, ta kamfanonin mai ce, ita ake kira idan abu ya fi ƙarfin ƙasa. Ƙarfinta tsarin ba da umarni: wa ke tsara aiki, wa ke kawo kaya, wa ke riƙe lissafin kuɗi. Idan kamfaninka mamba ne, tambayi ofishin ma'aikata tukuna. In Turancinka na gaisuwa ne kawai, tabbatar da harshen ajin kafin ka sa hannu.

Akwai kuma tarukan GI WACAF, shirin da IMO da ƙungiyar kamfanonin mai IPIECA suka soma a 2006 don ƙasashe 22 na gaɓar Afirka, har da Kamaru. Nan ne za ka zauna teburi ɗaya da sojan ruwa da jami'an muhalli, mutanen da za ka buga wa waya ranar da abin ya faru. Sai dai ba a sayen kujera. Gwamnati ko kamfani ke tura mutum. Cadi ba ta da teku, don haka ba ta ciki.

Kwas na intanet kuwa ya yi don share fage, shi ke nan.

Ko wanne ka zaɓa, tambayi wa ya tantance kwas ɗin. Nautical Institute, ƙungiyar ƙwararrun ma'aikatan jiragen ruwa, na cikin masu wannan aiki. Tambayi awa nawa za a yi a atisaye, ba a kallon allo ba. Wanda kuma aikinsa ke wajen Dompta ko Kome, tashoshin bututun da ke nesa da teku, ya nemi a ƙara masa darasin kogi. Maganin tarwatsa mai da ake fesawa a teku ba a saba amfani da shi a ruwan daɗi ba, kuma kogi a watan Agusta gudunsa ya fi abin da shinge zai tare idan an shimfiɗa shi a miƙe. Sai an karkata shi ya kora man zuwa gaɓa.