Madden NFL 25: kayar da ɗan wasa ya gyaru, tarewa na nan da saura

Duk wanda ya san ƙwallon Amurka ya san wasan a layin gaba yake ƙarewa. Mutum biyar ne suke tsare mai jefa ƙwallo: na tsakiya mai miƙa ƙwallon, biyu a gefensa, biyu a bakin layi. A nan ya kamata a auna Madden NFL 25, wasan bidiyo na ƙwallon Amurka wanda kamfanin EA Sports ya fitar a 2024.

Abin da kamfanin ya fi tallatawa shi ne BOOM Tech, tsarin da ke duba nauyi, gudu da kusurwar karo kafin ya yanke yadda ɗan wasa zai faɗi. Ya yi aiki. Mai gudu da ƙwallo yakan yi tangaɗi ya sake miƙewa, kuma wanda ya kai duka kafin lokaci yakan zame. Sai dai a PlayStation 5, Xbox Series da kwamfuta ake samunsa, ban da tsofaffin na'urori.

Tarewa kuwa tana tafiya ne a tsohuwar hanya. Da zarar mai tarewa ya haɗu da mai kai hari, wasan zai kwatanta makin ƙwarewarsu, ƙarfi da ƙarfi ko dabara da dabara, sannan ya zaɓi motsin da aka riga aka ɗauka ya kunna wa su biyun tare. Daga nan matsalolin suke fitowa. Mai kai hari yana tafiya sai ka ga an fizgo shi kamar da maganaɗisu ya manne wa mai tarewa. Ƙafafu suna zamewa a ciyawa ba tare da taku ba. Idan mutum na uku ya faɗo musu, sau da yawa ba ya canja komai sai motsin ya ƙare. A gudun tsakiya, inda biyu za su danne mutum ɗaya sannan guda ya zare ya nufi na bayansa, lokacin zarewar ba shi da tabbas: wani lokaci ya makara, wani lokaci ya wuce wanda ya kamata ya tare kamar bai gan shi ba. Wannan ya fi komai ban haushi, domin dabarar da ka zaɓa daidai ce, aiwatarwar ce ta lalace.

Akwai abin da ke rage ɓarnar. Kafin a miƙa ƙwallo, ƙirga masu shirin kai hari; idan sun kai shida, bar mai gudu a baya ya taimaka. Yi amfani da umarnin ID the Mike ka nuna wa masu tarewa wanda ka fi tsoro, ko ka karkatar da layin gefen da suka taru. Kada ka danna maɓallin gudu kafin kafa ta buɗe, za ka riga masu share maka hanya.

Tsofaffin masu buga wasannin bidiyo har yanzu suna ambaton wasan ESPN NFL 2K5 na 2004, kuma suna da hujja, don zoben da masu tarewa ke yi wa mai jefawa ya fi kama da na gaske. Wasan Backbreaker na 2010 ya gwada lissafa kowane karo nan take, karon ya ƙayatar amma sauran wasan bai tsaya da ƙafarsa ba.

Mai neman duka mai gamsarwa zai more Madden 25. Wanda idonsa ke kan layin gaba zai ga ci gaba kaɗan ne a kan Madden 24 da ya gabace shi.