Shafin Merriam-Webster da kalmomin "ƙarshe" na Turanci

A Hausa kalma ɗaya ta ishe mu: na ƙarshe. Turanci kuwa ya rarraba wannan ma'ana ga kalmomi da dama, kuma nan ne mai rubutu yake yawan tuntuɓe. Shafin intanet na Merriam-Webster, kamfanin ƙamus na Amurka, kyauta ne, kuma yana maganin rabin matsalar, in an san inda za a duba.

A rubuta "last" a akwatin bincike, a gangara a wuce jerin ma'anoni, har a iske sashen da ke bambance kalmomi masu kama da juna. Kalmomi 4 ne a wurin, kuma wannan ɗan sashe ya fi komai daraja a shafin. "Last" abin da ya zo a ƙarshen jeri ne, ba lallai jerin ya rufe ba. "Final" kuwa rufe ƙofa take yi: "final decision" hukunci ne da ba a sake waiwayarsa. "Terminal" iyaka ce da ba a ƙetarewa, shi ya sa ake kiran tashar da layin jirgin ƙasa ko na mota ya tuƙe da wannan suna, "terminal illness" kuma ciwon ajali ne, don haka a yi hattara da ita a wasiƙar gaisuwar mara lafiya. "Ultimate" ita ce matakin da dogon al'amari yake kaiwa, wanda babu wani a gabansa.

Shafin "penultimate" ma ya yi kyau. Mutane da yawa sun ɗauka ta fi "ultimate" ƙarfi, alhali na biyun ƙarshe take nufi. Daga Latin "paene" ta fito, wato "kusan". "Antepenultimate" na ukun ƙarshe ne. Akwai maɓallin sauti, kuma ya kamata a danna, don a gaɓa ta biyu ake ƙarfafa "penultimate".

Inda shafin "last" yake ɓatar da mutum shi ne jerin kalmomi masu ma'ana ɗaya. An jera "latest" da "latter" kusa da "final" kamar duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. "Her latest book" sabon littafinta ne, tana nan tana rubutu. Wanda ya ce "her final book" ya sallame ta daga rubutu ke nan. "Latter" kuma na biyu ne cikin abu biyu da aka ambata.

Bayanin ma da Turanci mai nauyi aka yi shi, na 'yan gida, ga tallace-tallace da ke cika fuskar waya. A kan "lastly" da "at last", shafin Oxford Learner's Dictionaries ya fi fayyacewa: ta farko ta batun ƙarshe ce a jeri, ta biyu ta abin da ya samu bayan dogon jira. Ɗalibin da ke rufe muƙala da "at last" can ya kamata ya fara leƙawa.