Buhun PICS mai leda biyu: ya cancanci kuɗinsa ga mai ajiyar hatsi a Tahoua?

Kowa a Adar ya san tafiyar farashin hatsi: tiya na sauka da kaka, wajen Oktoba da Nuwamba, sai ta riƙa hawa har ta kai ƙololuwa tsakanin Yuni da Agusta, lokacin da rumbuna suka yi ƙasa. Mai ɗan hali yana sayen buhu biyu ko uku da kaka, sai dai ajiyar ce ke ba da wuya.

Buhun PICS ya fito ne daga Jami'ar Purdue ta Amurka, masu bincike na INRAN, cibiyar binciken aikin gona ta Nijar, suka yi aiki a kansa, aka fara yaɗa shi a 2007 domin wake. Hawa uku ne: leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje. Ba a sa magani ko kaɗan. In aka ɗaure, ƙwarin da ke ciki su shanye ɗan iskan da ya rage, su mutu.

Ga wake da masara ba shi da na biyu, ko don ya raba iyali da ƙwayar maganin ƙwari da ake jefawa cikin abinci. Ga hatsi kuwa, wanda ke da rumbu ya bar damminsa da zangarniya, ya ishe shi. Mutumin gari mai sayen tsaba shi ne buhun ke yi wa rana.

Inda ake yin asara shi ne danshi. Hatsin da bai bushe sosai ba, in aka rufe shi, zai yi gumi ya yi hunhuna. A zuba gishiri busasshe da ƴar tsaba cikin kwalba, a girgiza; in gishirin ya manne a jikin kwalbar, a sake shanya. A sheƙe, a tsince tsakuwa da guntun kara, su ne ke huda leda. Kafin zubawa a cika kowace leda da iska a matsa, a ji ko tana yoyo. Mai kilo 100 yana cin kusan tiya 40, amma a bar wuya kamar taƙi biyu. A matse iska, a murɗe bakin ledar ciki, a lanƙwasa, a ɗaure, sannan ta biyu, sannan buhun waje. Kowanne da igiyarsa, kada a haɗa su ɗauri ɗaya.

Aibinsa biyu. Kusu na iya huda shi, don haka a ɗora bisa katako, nesa da bango da rana. Kuma ba ya son buɗe-buɗe: na cin yau da gobe a ware shi a wani buhu dabam.

A kula da jabu a kasuwa, ledarsu sirara ce, yatsa ma na iya huda ta. Na gaske in an lallaɓa shi yana kai kaka uku.