Tankar madara a duwatsun Kerry

Jama'a, nan gundumar Kerry, can kudu maso yammacin Ireland, duwatsu ne da teku da ruwan sama mara ranar ɗaukewa. Carrauntoohil, dutsen da ya fi tsawo a ƙasar, yana nan, ya haura mita 1,000. Amma ni abin da ya tsaya mini a rai tanka ce. Wata safiya a bayan garin Killarney ta tare mu a 'yar siririyar hanya, sai da muka ja da baya. Na zaci fetur ta ɗauko. Ashe madara take bi gona-gona tana kwasa.

Makiyayi a nan ba ya kai madara kasuwa, kasuwar ce ke zuwa masa har gida. Ya tatsa da inji, madarar ta zauna a tankin sanyi, direba ya ɗibi kaɗan don gwaji ya zuƙe sauran. Kuɗi su faɗa asusu wata-wata, gwargwadon maiƙonta da ingancinta. Kowace saniya da lambarta a kunne. Daga irin wannan haɗin kan manoma kamfanin kayan abinci na Kerry Group ya faro a garin Listowel a 1972, yau kayansa sun zaga duniya, hedikwatarsa na Tralee.

Kada ku ɗauka da cokalin zinariya aka haife su. Yunwar da ta fara a 1845, da cuta ta cinye dankali, ta watsa su Amurka da Ingila. A 1841 mutanen Kerry sun haura 290,000, a ƙidayar 2022 kuwa ba su kai 160,000 ba. Wani yanki na gundumar ma sai tumaki, masu fenti a baya, suna yawo kan dutse ba mai tsaro, ba mai sata.

Abin da ke ƙona mini rai: wani kaso na madarar garin da muke zubawa a shayi a Kano daga Ireland yake fitowa, an cire maiƙon an maye shi da man ja. Mu da Mambila, da ciyawarta da sanyinta, da shanu ba adadi, har yanzu Bafulatana na tafe a rana da ƙwarya a ka, muna tayawa kamar muna yi mata alfarma. Haba!

Sai dai ba aljanna ba ce. Famfona ya lalace, mai gyara ya ce sai mako na sama, ya zo ya caje ni kuɗin da har yanzu nake jin zafinsa. Motar haya a ƙauye in ta wuce ka, ka koma gida ka kwanta. Da bazara 'yan yawon buɗe ido su cika Killarney da Dingle, ɗakin haya ya zama gwal. Duk madarar nan tasu kuma, kantin da na shiga neman kindirmo sai a miƙo mini yogot mai ɗanɗanon lemo. Gero kuwa, a sashen abincin tsuntsaye aka nuna mini shi.