Sashen gwajin nama da ya duba mikin harshen Baba

Wata biyu Baba ya yi da miki a gefen harshensa na hagu. Shi dai cewa yake haƙori ne ke gugarsa. An kurkure da ruwan gishiri, an shafa zuma, an sayo magani a kemis, amma bakin mikin sai ƙara tauri yake. Likitan haƙorin da muka je wurinsa daga ƙarshe ya ce duk mikin bakin da ya haura mako 2 zuwa 3 bai warke ba, dole a bincike shi, ballantana ga mutumin da ya shekara 30 yana cusa garin taba da kanwa a kunci. Ya yanki ɗan nama, bai kai ƙwayar wake ba, ya jefa a kwalbar ruwan fomalin mai hana nama ruɓewa, ya ce in kai sashen gwajin nama na babban asibitin garinmu. Sau biyu na yi hulɗa da wannan sashe, kuma a kansa nake son yin magana.

Bari in fara da abin da ya ɓata mini rai. Wurin karɓar kwalba daban, wurin biyan kuɗi daban, kuma ba wanda zai gaya maka hakan sai ka gama bin layi. Benci ɗaya ne tak a baranda. Sun karɓi lambar wayata amma ba su kira ba, sai da na yi sawu uku kafin sakamakon ya fito, a kwana na 12. Wanda mahaifinsa ke gida ba ya iya haɗiyar tuwo, kwana 12 ba ƙaramin abu ba ne a wurinsa. Ya kamata su gyara wannan.

Takardar ta ce sankara ce ta fatar da ta lulluɓe cikin baki, irin wadda ita ce kusan kashi 90 cikin 100 na sankarar baki. Na roƙi ganin likitar da ta sa hannu, ban ma sa ran za a yarda ba. Sai ga shi ta ce in zo da Baba.

Da ta ji sana'arsa gini ce, sai ta juya gare shi ta bar ni. Ta ce, "Baba, me ke riƙe tubali da tubali?" Ya ce, "Kwaɓi mana, 'yata." Ta ce to ƙwayoyin halittar da suka shimfiɗe baki ma haka suke a jere, kuma akwai wani furotin mai suna I-kadarin da ke manne kowace da maƙwabciyarta. Idan sankara ta yi ƙarfi, ƙwayoyin sukan rage yin wannan furotin, sai su saki juna, ɗaya-ɗaya ta fara zamewa daga layi. A ƙarƙashinsu kuma akwai wata siririyar shimfiɗa, kamar daɓe, da ke raba su da naman ciki. Ƙwayoyin sankara da waɗanda ke kewaye da su suna fitar da wasu furotin da ake kira MMP, masu cinye wannan shimfiɗa. Baba ya gyaɗa kai ya ce, "Gara ke nan." Ta ce haka ne, kuma da zarar an huda daɓen, hanya ta buɗe zuwa ƙananan jijiyoyin ruwan jiki da ke gangarawa kaluluwar wuya. Ta ƙara da cewa akwai wani furotin, p53, da aka gano a 1979, wanda aikinsa shi ne tsayar da ƙwayar da ta lalace ko ya sa ta mutu. Gubar taba tana cikin abubuwan da ke illata shi, shi ya sa ƙwayar da ya kamata ta mutu take ci gaba da hayayyafa.

Ni da na yi karatun boko, Baba ya riga ni ganewa. Wannan bayani ne ya sa ya amince da abin da ya ƙi a farko. Likitan tiyata ya ce za a cire ƙarin da ke harshe, a kuma buɗe wuya a kwashe kaluluwar ɓangaren hagu. Baba ya ce wuyansa lafiya lau, ba kumburi, don me za a yanka? Likitar gwajin ce ta nuna masa cewa ƙwayoyin da suka zame ba sa jiran a ji su da hannu. Ta ambaci binciken asibitin Tata Memorial na Mumbai a Indiya, wanda aka wallafa a 2015: cikin masu sankarar baki ta matakin farko, waɗanda aka kwashe wa kaluluwar tun da wuri kashi 80 cikin 100 suna raye bayan shekara 3, waɗanda aka jira sai ta kumbura kuwa kashi 67.5 ne. Baba ya yi shiru can, ya ce, "A yi."

Akwai wani abin da ya sa na yarda da gaskiyarsu. Na karanta a intanet cewa ana gwajin furotin p16, na ce a yi mana ko nawa ne. Ta ce in riƙe kuɗina. Gwajin yana da amfani ne ga sankarar can cikin maƙogwaro da gindin harshe, wadda ƙwayar cutar HPV ke yawan haddasawa, ta Baba kuwa a gefen harshe take, sakamakon ba zai canza maganinsa ba. Haka I-kadarin da MMP ɗin ma, ta ce ba a auna su a aikin yau da kullum, ɓarnar da suka yi ake dubawa a madubin gwaji.

Ɓarnar kuwa a takarda ta biyu na gan ta, bayan tiyata. An rubuta cewa sankarar ta nutsa cikin nama milimita 7. Tun 2018 ƙa'idar tantance matakin sankarar baki ta shigar da wannan zurfi cikin lissafi, da iyaka a milimita 5 da kuma 10, don haka lambar tana da nauyi. An rubuta cewa gefen abin da aka yanke fes yake, ba sankara a jikinsa. An ƙirga kaluluwar da aka ciro ɗaya bayan ɗaya, kuma a cikin guda ɗaya an sami sankara, a wuyan nan da ba kumburi. Da na karanta wannan layi sai da na zauna a bencin nan na yi kuka. Wannan karon ma ni na riƙa zarya, ba su kira ba.

Duk da haka, idan aka ba ka kwalba aka ce ka kai irin wannan sashe, ka kai a ranar, ka tabbata fomalin ya rufe naman gaba ɗaya, kuma ka nemi ganin likitan da ya sa hannu. Suna ajiye naman a cikin ɗan dunƙulen kaki irin na kyandir, kuma da aka tura mu wani gari domin gashin haske, wato ƙona sankara da hasken na'ura, sun ba mu dunƙulen da gilasan da aka duba naman a kansu ba tare da jan rai ba, muka sa hannu muka tafi da su.

Baba ya fara shan kunu da farfesu mai laushi. Harafin "r" har yanzu yana ba shi wuya, kuma ranar Talata mai zuwa za mu koma a duba wuyan.