Ɗanye, kauɗa ko na leda: wane tumatir ya cancanci kuɗinki?

Daga Janairu zuwa Maris duk uwargidan da ke son gwada sabon girki ba ta da uzuri. Lokacin ne tumatirin rani ke cika kasuwa, ga karas, ga kabeji, ga latas, ga albasa mai lawashi, kuma kowanne da sauƙin kuɗi. Abin da ke raba kan mata shi ne yadda za a yi da sauran watannin shekara: a sayi ɗanye da yawa a adana, ko a dogara da kauɗa, wato busasshen tumatir, ko kuwa a huta a riƙa aiken yaro shago ya sayo na leda? Ni dai ɗanyen rani nake bi, kuma ba na jin akwai na biyunsa.

Tumatir ɗan sanyi ne. Hunturu ke sa furensa ya kama, ƙwayar ta yi nama, ta nuna a hankali a jikin uwarta. Shi ya sa wanda ake nomawa a Kadawa, Kura, Bunkure da Garun Malam da ruwan madatsar Tiga, ko na wajen Ɗanja a jihar Katsina, yake fitowa jajir, da nauyi a hannu. Da zafin Afrilu ya shigo fure ya fara zubewa, daga nan kaya su ja baya, kuɗi ya hau, har a kai lokacin da tumatir huɗu ƙanana za su ci kuɗin da a da ake cika roba da shi. Na damina kuwa ruwa ne zalla da tsami, ki soya ki gaji bai daina tsartuwa ba.

Idan kin je saye, ki nemi mai ɗan tsawo, mai tauri, irin wanda 'yan kasuwa ke kira UTC. Ki tsaga guda ɗaya a gaban mai kaya. In kin ga nama ya fi 'ya'ya da ruwa yawa, shi ne. Mai faɗin nan da ke lotsewa da an taɓa ya fi arha, amma rabinsa tururi zai bi.

Girkin da za ki gane darajar wannan tumatir a cikinsa shi ne wanda ba a ɓoye shi a bayan kayan ƙamshi ba. Ki gwada shakshuka ta mutanen Arewacin Afirka: ki yanka tumatir da albasa da tattasai, ba niƙa ba, ki soya da tafarnuwa har ya yi kauri, ki yi ramuka da cokali ki fasa ƙwai a ciki, ki rufe ya dahu a kan wuta kaɗan. Da burodi ko gurasa ake ci. Ko salak ɗin mutanen Sudan, wanda suke haɗa yankakken tumatir da albasa da tunkuzar gyaɗa da lemon tsami, ɗan'uwan kwaɗonmu ne sak, sai dai su tumatirin ne uban tafiya. Waɗannan biyun ba kauɗa ba leda, in ba ɗanye mai kyau ba to ki fasa kawai.

Sai dai sayen kwando yana da nasa tarkon, kuma a nan ne nake son ki buɗe ido sosai. Kwando ba ya nuna cikinsa. Ana jera manya jajaye a sama, a tsakiya a zuba ƙanana da masu tsanwa, a ƙasa kuma ɗagwalo. Wani ma ciyawar da ake shimfiɗawa a gindin kwandon zai ninka ta har ta ci wajen kwano guda na kaya. An taɓa yi mini haka, mai kayan yana rantsuwa cewa da asuba aka tsinko shi, da muka juye a tsakar gida kashi ɗaya cikin uku ruwa ne mai wari, har da tsutsa. Tun daga ranar ba na biyan kuɗin kwando sai an juye mini shi a buhu ko a babbar roba ina kallo. Wanda ya ce ba a juyewa, ki yi masa sallama ki wuce gaba, kasuwa ba mutum ɗaya ba ce. Ki kuma duba gindin kwandon tun yana ajiye: in ƙasan wurin ta jiƙe, ko ƙudaje sun fi yawa a kansa fiye da na maƙwabcinsa, an gama magana. Inda ake sayarwa a kiret ɗin roba ya fi mini kwanciyar hankali, domin ana hango kaya ta ramukan gefe, kuma na sama ba ya danne na ƙasa kamar yadda ake yi idan an ɗora kwanduna a mota. A manyan kasuwanni irin 'Yankaba a Kano ko Kwanar Gafan a kan hanyar Zariya, sammako ne ke ba ki zaɓi. Da rana ta take, abin da dillalai suka tsince suka bari za ki tarar.

Ki lura da ɗan ƙaramin huji baƙi kusa da hancin tumatir. Aikin tsutsar nan ce da manoma ke kira sharon, wadda ta cinye gonaki a 2016 har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir. Tun daga lokacin feshin magani ya ƙaru a gonaki, don haka wanki ɗaya bai isa ba, musamman wanda za a ci ɗanye. Ki wanke ki sake wankewa da ruwa mai yawa. Ɗagwalo kuwa, duk arharsa, kada ki ce tafasa za ta gyara shi. Wanda ya fashe yau saboda danniya daban, wanda ya yi furfura daban, na biyun bola ce makomarsa.

Kauɗa tana da ranarta, ban hana ba. A miyar kuka, kuɓewa busasshiya ko taushe tana shigewa lafiya, kuma a watan Yuni ita ke rufa wa gidaje da yawa asiri. Matsalata da ita yashi. Yawanci a ƙasa ake shanya ta, wani lokaci a bakin titi, ƙura da akuya kowa ya ratsa. Ki zaɓi mai ja-ja da ke karyewa ƙaras, ki guji wadda ta yi baƙi ko take warin ruma. Garinta da aka riga aka niƙa kuwa ba na saye ko kyauta ne, don ba wanda zai iya gaya miki abin da aka haɗa a ciki. In kauɗa kike so, ki yanka naki a Fabrairu, ki shanya a kan tabarma mai tsabta a sama, ki rufa da gidan sauro.

Na leda da na gwangwani launi suke bayarwa a dafa-duka, shi ke nan aikinsu. Ki juya bayan ledar ki karanta: wasu sitaci ne da sukari da kala, tumatirin ɗan taɓawa ne. Ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, kuma in wurin ranar ya yi kamar an goge an sake bugawa, ki ajiye. Gwangwanin da ya kumbura ko ya yi tsatsa a baki ba na ci ba ne.

Abin da nake yi shi ne in sayi kwando lokacin da ya fi arha in mayar da shi nawa na kwalba. A niƙa tumatir zalla, a dafa har ruwan ya ƙone ya yi kauri, a zuba da zafinsa cikin kwalaben gilashi da aka tafasa, a sa ruwan lemon tsami cokali biyu na cin abinci a kowace lita, a rufe gam, sannan a jera kwalaben a tukunya ruwa ya shanye kansu su tafasa kamar minti 45. Kada ki haɗa da tattasai, attaruhu ko albasa a wanda za ki ajiye a ɗaki: ba su da tsamin da ke hana ƙwayar cuta rayuwa a rufaffiyar kwalba, kuma irin gubar da take haifarwa ba lallai ta yi wari ba. Haɗaɗɗen markaɗe sai firiza, ga wadda wutar unguwarsu ke da amana. Man da wasu ke malalawa a saman dafaffen tumatir na 'yan kwanaki ne, ba na watanni ba. Duk kwalbar da kika ga murfinta ya taso, ko ta yi kumfa da kika buɗe, ki zubar, kada ma ki ɗanɗana.